Layin da Baba Ya Bari Babu Rubutu

Zuru, 9 ga Oktoba

Zuwa ga ƙawata Farida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya Umma da ƙaninki Abubakar Siddiƙ? Yaya bariki, yaya Ibadan? Direban da ke kawo saƙon Mama ne zai kawo miki wannan, don har yanzu ba ni da waya.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Mama. Ba na jin yaren kakata. Wata takwas ke nan da aka kawo ni nan bayan rasuwar Baba, kuma kowa na tsammanin ina jin C'lela, kunya ce kawai ke hana ni magana. Ranar da na iso, Kaka Saloma ta riƙe fuskata ta yi ta magana tana hawaye, ni kuma na gyaɗa kai. Tun daga ranar ban san yadda zan daina ba. Tana da 'yar Hausar kasuwa, amma ba ta yi da ni, tunda 'yar ɗanta ce ni.

Mu biyu ne a gidan. Da yamma muna ɓarar wake tana ba ni labari. Idan ta yi dariya in yi, idan ta yi shiru in ce to. Abu ɗaya nake kamawa, sunan Baba: Abel, Abel. Labarin ubana ake ba ni, Farida, ina zaune kamar turmi.

Kin tuna littafinsa mai jan bango? Duk inda aka tura shi aikin soja yakan rubuta kalmomin da rubutunsu ɗaya amma kowane yare da abin da yake nufi. Ya ja layi biyar: Hausa, Yarbanci, Ibo, Turanci, sai "namu", wato C'lela. Kin tuna dodo? A Hausa abin tsorata yara, a wurin Yarbawa soyayyiyar ayabar da muke saye a bakin get, a Turanci kuma wani tsuntsu da ya ƙare a duniya. Ina, wuta ce a Yarbanci. Layin "namu" kuwa babu ko kalma ɗaya. Ya ce mini Kaka ce za ta cika mana shi idan ya yi ritaya.

Jiya na kai littafin shagon Madam Nwankwo, inda nake sayen sabulu. Ta nuna mini cewa uwa a yarensu na Ibo duniya ce, sai dai suna sa ɗigo a ƙasa. Na tambaye ta ko kalmar 'yar'uwar uwa ta Hausa ce. Ta yi dariya ta ce ko kusa, kamar mata biyu ne da suka sayi atamfa iri ɗaya a kasuwa, ba su san juna ba. A hanyar gida na ga ni ma haka nake. Fuskar Zuru gare ni, amma ciki 'yar bariki ce. Na iya tambayar baƙuwa, na kasa tambayar kakata.

Ki gaishe da kowa.

Taki,
Gladys

Zuru, 20 ga Nuwamba

Ƙawata Farida,

Ina gaishe ki, ina fatan ciwon idon Umma ya yi sauƙi. Na ga amsarki, na karanta ta sau huɗu.

Na yi ɓarna. Baba Philemon, ƙanin Baba, ya zo daga garin Kanya don ya tafi da Kaka gidansa, saboda sau biyu ta faɗi da damina. Suka daɗe suna gardama a tsakar gida. Sai Kaka ta kira ni, ta tambaye ni wani abu a gabansa. Na gyaɗa kai. Ta sake tambaya tana kallon idona, na sake gyaɗawa.

Da zai hau babur ya kira ni gefe, ya sa mini albarka da Hausa. Ya ce bai taɓa tsammanin yarinyar birni za ta yarda ta zauna da tsohuwa ba. Ashe abin da ta tambaye ni ke nan, ko zan zauna tare da ita, don kada a raba ta da gidan da ta haifi Baba. Ya tafi hankalinsa kwance. Kaka ta yanka kaza.

Kwana uku bayan haka saƙon Mama ya zo. Ta sama mini gurbi a sakandare, makarantarku, in shirya a watan Janairu. Abin da nake roƙo kullum a coci ke nan. Har na haɗa jakata na tura ta ƙarƙashin gado.

Idan na tafi, Kanya za a kai Kaka, kuma za ta ce na yi mata ƙarya sau biyu a gaban ɗanta. Idan na faɗa mata gaskiya, za ta san wata tara tana magana da bango. Ba ni da wanda zan tambaya sai ke, ke ma sai bayan mako biyu amsarki ke zuwa.

Taki,
Gladys

Zuru, 14 ga Disamba

Farida tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jarrabawa? Allah ya ba da sa'a.

Na faɗa mata. Muna shanyar dawa na ce mata da Hausa, a hankali, ba na jin yarenta, ban taɓa ji ba. Na buɗe littafin na nuna mata rubutun Baba da layin da babu komai. Ba ta iya karatu ba, amma ta shafa takardar. Ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana biyu ba ta ce mini uffan ba, tuwo kawai take turo mini. Ban taɓa jin gidan nan ya yi faɗi haka ba.

A rana ta uku ta kama hannuna ta tsoma a randa, ta faɗi kalma ɗaya, sunan ruwa a yarenta. Na maimaita, ta yamutsa fuska. Sai a karo na shida ta sake ni. Daga nan sai wuta, sai gishiri, sai ido. Ban san yadda ake rubuta su ba, yadda kunnena ya ji nake sawa, da fensir. Yanzu goma sha ɗaya ne. Labarin Baba kuwa ta daina. Ina jin tana jira ne in fara jin yaren.

Ba ta sake tambayata ko zan zauna ba. Jiya na ga ta ɗaure tukwanenta biyu da igiya, irin ɗaurin mai tafiya.

Yau da safe na je sakandaren da ke kusa da mu na karɓo fom. Da na dawo na kwance jakata, na kwance igiyar tukwanen na mai da su kan murhu. Kaka na kallona. Ban rubuta wa Mama ba tukuna, ke ce ta farko. Ki ba wata kujerar da kika ce za ki riƙe mini kusa da taga.

Ki gaishe da Umma, ki ci dodo biyu a bakin get, ɗaya nawa ne.

Ƙawarki har kullum,
Gladys Abel