Ba a shuka a garinmu sai gidanmu ya sara

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin don Allah ka ɓoye sunana da lambata, ka sa saƙon nan yadda na rubuto shi. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, abin kunyar ma shi ne ni aka saba zuwa wurina neman shawara. Wanda ya gane ni a cikinku ya rufa mini asiri.

Ina zaune a wani ɗan ƙauye can gefen Tasawa, sana'ata gyaran sola da gyaran waya da caji. Tun da na bar lakwal, wato makarantar boko, nake da son karance-karancen gina kai, daga nan na tsiri wata ɗabi'a, kullum da safe sai in ɗauki saƙon murya, bokal ɗin nan, in tura gurup na matasan yankinmu. Ba wani abu nake faɗa mai zurfi ba, abin da idona ya gani ne nake juyawa ya zama darasi, yau guga, gobe tururuwa, jibi mai tallan ƙosai da ba ta fashi. Wasa wasa abu ya karɓu, har daga Mayahi ana kirana, yara suka laƙaba mini Koc, wato mai horarwa. Ni kuwa kai ya fara girma, ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin abin.

To ga inda gizo ke saƙar. Garinmu kakan babana ne ya sare shi, tun kafin Nasara su iso Tasawa, zamanin da mutum ba ya nisa da gari sai da baka a kafaɗa. Yadda aka ba mu labari, wata shekara an fito daga yunwa, iri ya yi ƙaranci, sai aka yi ruwan farko mai ruɗi. Kowa ya ruga gona ya zuba ɗan abin da ya rage masa. Shi kuwa tsohon ya je ya tona rairayi, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya ji ƙasa busasshiya ce daga ciki, ya koma gida ya zauna ana yi masa dariya. Ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone ƙurmus. Da ruwan gaske ya sauka irinsa ya fito da shi ya raba wa gari, kowa ɗan kaɗan. A nan ne dattawa suka yi alkawari, har abada ba mai kai sungumi ƙasa sai namiji daga gidansa ya tona ya ji laima, ya yi saran farko a gonar gado. Haka ake yi har yau. Ko da tsakar rana aka yi ruwa, za ka ga mutane tsaye bakin gonarmu da ƙwaryar iri suna jira.

Babana ya riƙe abin shekara da shekaru, yanzu idonsa ya tafi, sai dai ya bambance rana da inuwa. Ƴan uwansa maza sun rasu, ƴaƴansu sun watsu Najeriya. Saura mu biyu, ni da ƙanena. Jinyar tsoho ba ita ce matsala ba, Inna na nan da ƙarfinta. Saran ne matsala.

Bara na shiga wani konkur, wato jarrabawar gasa, na koyon haɗa famfon sola a Yamai, horo na shekara biyu, in ka gama su ɗauke ka aiki. Abin da nake mafarki ke nan tun ina yaro. Muka zauna da ƙanena muka shirya, in na ci shi zai tsaya gida ya riƙe sara, in na dawo shi ma ya fita neman nasa. Ya ce to. Allah ya taimake ni na ci, suka ce a zo farkon damina, wanda bai zo ranar buɗewa ba a ba na bayansa.

Ana nan sai wata safiya na ga akuyar maƙwabcinmu, igiyarta ta kwance amma tana ta kewaya turke, ba ta je ko'ina ba. Na ce yauwa, darasin yau ya samu. Na zage na yi bokal mai zafi, na ce da yawanmu haka muke, ba igiya ke riƙe da mu ba, sabo ne da tsoro, wanda ke jiran izinin kowa zai tsufa a gindin turke. Ranar an yaba mini ƙwarai. Ba a yi sati ba muka wayi gari ƙanena ba ya ɗakinsa. Sai da ya wuce Agadas ya turo mini saƙo, ya ce, "Yaya ka yi haƙuri, kai ka hwaɗi da bakinka, ni ko na duba wuyana ban ga igiya ba. Na tahi wajen zinariya, ka ba su Baba haƙuri."

Wallahi na yi fushi, na kira shi na wanke shi tas, na ce ya ci amana. Shi kuma ya tambaye ni ko darasin na ƴaƴan wasu ne kawai, ban da na gidanmu. Na kashe wayar. Tun daga ranar ban sake yin bokal ba, ana ta tambaya ko lafiya, ina cewa wayata ce ta lalace, ni mai gyaran waya.

Na san wasu za su ce in tafi, in an yi ruwa in zo in sara in koma. Ruwa ba ya aiko da sanarwa, kuma daga Yamai zuwa nan kafin ka sauka daga bas ka samu moto, laimar ta tsere. Wasu za su ce camfi ne. Na je wurin liman, ya ce ba farilla ba ce ba sunna ba, alkawarin kakanni ne kawai, har ya faɗa a masallaci. Mutane suka ce na'am Malam, amma shi kansa limamin bai taɓa riga mu shuka ba. Na gwada cewa zan koya wa wasu yadda ake jin laima, ai ba sihiri ba ne. Maigari ya ce kowa ya iya tona rami, abin da ba a iya ba shi ne a yarda da bakin mutum ɗaya, in aka sake kowa zai bi ruwan farko ne don kada maƙwabci ya riga shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ba ta da kowa. Ta tare ni bakin rijiya ta ce, "Ɗan nan, an ce za ka Yamai. To wa za ya sara muna? Irin nawa tiya guda ta, in ta ƙone ban da wata." Ba da faɗa ta yi maganar ba, tambaya ce kawai.

Na daɗe ina ɓoye wa Baba maganar Yamai, ashe ya sani. Ya kira ni, na zauna ina jiran ya hana ni, wallahi har na tanadi hujjojina. Sai ya ce, "Tahi abinka, na yahe maka duniya da lahira. Ƙasa ba ta son ido, hannu ka jin ta, ni ko hannuna na nan." Na ce Baba wa zai kai ka, ya ce wannan ba ruwana.

Shekaranjiya da sassafe na fito zan buɗe shago, sai na ga igiya an ɗaure daga zauren gidanmu, ta bi ta dannin maƙwabta ta nufi gona. Na bi ta. Can na hango Baba, hannu ɗaya a igiya ɗaya riƙe da sungumi, yana tafe yana laluben hanya da ƙafa. Ashe Inna ya sa ta haɗa masa igiyoyin guga, yana koyon hanya tun kafin ruwa ya zo. Ina kallo ya yi tuntuɓe da kututturen gero ya durƙusa, ya tashi ya kaɗe gwiwa ya ci gaba. Na koma bayan rumbu na yi kuka kamar yaro.

Yanzu hadari ya fara haɗowa daga gabas, masu horo kuma sun kira sun ce in tabbatar musu cikin satin nan. In na zauna, na san kaina, zan tsufa ina jin haushin mutanen da ba su yi mini komai ba. In na tafi, makaho na bari da sungumi da irin gari gaba ɗaya. Don girman Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini gaskiya, ban da zagi ban da daɗin baki. Izinin da uba ya ba ka yana durƙushe a gona, karɓa ake yi ko mayarwa? Ku a matsayina me za ku ce wa mutanen Yamai?