Tsoron Ladan da Malamin Asibiti

Birnin Gwari,
Watan Mayu, 1972.

Zuwa ga Yayana Mainasara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Asibi da yara, Ya kuma tsare ka a bakin aikinka na jirgin ƙasa can Ikko. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har barka da ta'aziyya tana zuwa da kanta. Ruwa ya sauka, an fara shukar dawa.

Maganar ƙaninmu Ladan ce ta sa na rubuto. Ka san halin da ya shiga tun bara da ɓauna ta kashe abokin farautarsa Bakoji a gabansa cikin dajin Kamuku. Abin da ban gaya maka ba, don kada hankalinka ya tashi, shi ne yadda abin ya ci gaba da cin sa. Ko warin shanu ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ranar da Fulani suka koro garke ta ƙofar gida, a ƙarƙashin rumbu muka same shi, gumi ya jiƙa masa riga. Gonarsa ta bakin daji ta koma saura. An yi rubutu, an yi hayaƙi, Inna ta yi sadakar waina, shiru.

Ana nan sai aka kawo sabon malamin asibiti ɗakin shan magani, wani Maliki daga Zariya. Ba mu kira shi ba, shi ya zo da ƙafarsa, ya ce ya ji labari. Ba allura, ba ƙwaya. Sai ya zaunar da Ladan a inuwar ɗorawa, ya koya masa jan numfashi a hankali har jikinsa ya saki, sannan ya ce ya ba shi labarin ranar daga farko. In Ladan ya fara kakkarwa su tsaya, in ya natsu su ci gaba. Haka kowace ranar kasuwa. Daga baya ya riƙa jan sa zuwa ruga, da fari su tsaya nesa inda kukan shanu kawai ke isowa, sannu sannu har bakin garke. Yaya, da idona na ga Ladan ya dafa ƙahon bijimi. Yanzu yana cin abinci, yana dariya, ya share rabin gonarsa. Inna kuwa kullum sa wa Maliki albarka take yi.

Ni kaɗai ce hankalina bai kwanta ba, kuma ga dalili. Na gano matar Maliki 'yar ɗakin su Jaji ce, kawun marigayi Bakoji, can Maliki yake cin tuwo duk Juma'a. Jaji kuwa ya daɗe yana faɗi a kasuwa cewa raunin da ke haƙarƙarin Bakoji ba na ƙaho ba ne kaɗai, wai har da na harbin bindiga. Waɗanda suka yi wa gawar wanka sun ce ɓaunar ta yi kaca-kaca da shi, ba mai iya rarrabewa. To ga abin da na lura: da can Ladan magana ɗaya yake yi, cewa ɓauna ta riga ta kayar da Bakoji kafin shi Ladan ya harba bindigarsa ta adaka. Yanzu in ya zo wurin nan sai ya ce ciyawa ta yi tsawo, hayaƙin albarushi ya rufe masa ido.

Na kasa haƙuri, na sa mayafi na sami Maliki a ɗakin shan magani, na tambaye shi me yake zubawa a kan ƙanina. Bai yi fushi ba, wannan ma bai yi mini daɗi ba. Ya ce a wurin wani likitan ƙwaƙwalwa ya koyi aikin a Zariya. Wai akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa da ke koyon haɗari, shi ya ɗaure warin shanu da mutuwa a kan Ladan, kuma lallashi ba ya kwance shi, sai jiki ya sake koyo da kansa cewa ga shanu, ba abin da ya faru. Wai duk lokacin da mutum ya tuno abu, abin yakan yi laushi kafin ya koma ma'ajiyarsa, in an tuno shi cikin natsuwa sai ya koma da ƙarancin tsoro. Na ce to in yana laushi, ai mai hannu zai iya murɗa shi yadda ya so. Ya dube ni ya ce haka ne, shi ya sa bai taɓa gaya wa Ladan ga abin da ya faru ba, tambaya kawai yake yi. Ya rantse bai kai wa Jaji ko kalma ɗaya ba, ya ce in muna so ya daina zuwa, zai daina. Yaya, ban ga ƙarya a fuskarsa ba, amma ni ban zauna da su a gindin ɗorawar nan ba, ban san irin tambayoyin ba.

Da na dawo na ce wa Ladan ya rabu da mutumin nan. Yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Yaya Saude, da ina tsoro, ko kallon wurin ba na iya yi, abin da ya zo bakina nake faɗi. Yanzu na kalla, kuma wallahi ban san wanda ya riga ba, ƙahon ko bindigar."

Ya yanke shawarar zuwa wurin mahaifiyar Bakoji ya gaya mata haka da bakinsa. Na nuna masa Jaji zai iya kai maganar gaban alƙali, ya ce ya sani. Da ƙyar na roƙe shi ya jira ka, ya yarda zuwa ƙarshen noman farko, bayan nan zai tafi ko shi kaɗai. Don Allah ka nemi hutu ka zo. Kafin ka taso, ka tambayi likitocin can ko da gaske ana irin wannan magani, ko kuma ana iya dasa wa mutum abin da bai gani ba. Inna ba ta san komai ba. Jiya ma ta aika wa Maliki da zabi, ni na kama su na ɗaure musu ƙafa.

Ka gaishe mini da Yaya Asibi, da Idrisu, da Auta. Inna tana sa maka albarka, Kawu Abarshi da mutanen Kakangi suna gaisuwa. Ladan ma ya ce in gaishe ka, in kuma gaya maka ya samu sauƙi. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Saude.