Baba Ya Yi Kirari

Zuwa ga Yaya Sale a Abijan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya iyali, yaya zaman baƙunta? Mu nan Bande lafiya lau, gero ya shiga rumbu.

Albishirinka, Baba ya yi dariya! Ka san tun da fari ya cinye shanunmu bai ƙara sakin fuska ba. Ranar kasuwa motar silima ta zo daga Magarya, muka ja Baba zuwa kallo da ƙyar.

Aka fara da fim na ban dariya, wani kwamanda mai tumbi da jakinsa ya ƙi bin oda, ya watsa shi cikin taɓo. Na ga kafaɗar Baba tana rawa. Sai aka sa na kokawa, wani siririn saurayi da ake ta kayarwa, amma kullum sai ya koma fili. A karon ƙarshe Baba ya miƙe, ya yar da sanda, ya daka tsawa: "Kama ƙafa!" Wallahi sai saurayin ya kama ƙafa ya yi kaye! Nan Baba ya ɓarke da kirarinsa na kokawar samartaka, mata suna ta guɗa.

Har yau yana rantsuwa shawararsa ce ta yi aiki. Jiya ya ce a nemo masa karsana, zai sake kiwo.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Kawu Idi. Baba ya ce ka dawo da shirinka, kai zai fara kayarwa.

Ƙanenka,
Lawali