Kwalbar Da Ta Daskare

Maigidana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya kaɗaici, ya tarin nan da ka ƙi nema wa magani? Ni lafiya lau, irin lafiyar mai ciwon suga, wadda ake ɗurawa da allura safe da yamma.

Jiya Manaja yana ta karanto mini sharuɗɗan sabon kwantiragi, ni kuwa tuni hankalina ya tafi wurinka. Ina kallon fankarsa tana juyi, ina ganin ɗakin da ka kama mana, da tagar da ka ce rana na leƙowa ta cikinta da hantsi. Har labule na rataya mata, ruwan toka. Da ma jiyan ce ranar da na yi maka alkawarin zan ce masa na bar aiki, zan bi mijina.

Ka san a firjin ofis nake ajiye kwalbar insulin, ruwan allurar tawa, tunda wutar gidanmu ba ta da amana. To makon jiya Akantar ofis, baiwar Allah, ta ga firjin ba ya sanyi sosai, sai ta tausaya mini ta mayar da kwalbar sama, wurin ƙanƙara. Na tarar ta daskare, tana ƙyalli kamar dutsen zobe. Insulin kuwa in ta daskare ta mutu, ko ta narke ruwan banza ce. Na yi mata godiya. Me zan ce?

Masu inshorar lafiya ta wurin aikinmu suka ce rabona na wannan wata ya fita, in jira wani. Na tafi kyamis. Da mai shagon ya faɗi kuɗin kwalba ɗaya na yi dariya, shi bai yi ba. 'Yan kunnen da ka saya mini suna wurin mai gwal yanzu. A hanyar dawowa na tuna kunnuwana biyu ne kacal, watanni kuwa ba sa ƙarewa, aikinka kuma ba shi da inshora.

Digiri biyu gare ni, ashe duk shekarun nan 'yar kwalbar da ba ta kai yatsana ba nake wa bauta.

Ka yi haƙuri, kada ka saki ɗakin tukuna. Da Manaja ya miƙo biro na karɓa, na sa hannu, shekara biyu. Ya ce, "Madalla, Malama, da ma na san ba za ki iya rabuwa da mu ba." Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Na ja masa ƙofa a hankali, na fita.

Taka har kullum,
Matarka