Atamfa Mai Zabbi

Kwarin Gawo, ƙasar Roni,
Talata, sha biyu ga watan Zulƙida.

Zuwa ga ƙanwata Mairo, matar Malam Sama'ilu, a Bukuru.

Gaisuwa mai yawa da so da yarda da fatan alheri, daga yayarki Tasalla. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da mai gidanki da yara, kamar yadda muke nan lafiya, sai kewarku. Allah ya kare Malam Sama'ilu daga ramin kuza da sanyin duwatsun nan naku, ya raya zuri'a, ya sa mu gana da alheri, amin. Inna tana nan da sauƙi. Ƙafar ce dai ba ta barinta ta kai ko bakin rijiya, amma baki lafiya lau. Tun da aka ce kina zuwa Layya ta tara ƙwayar gurjiya a ƙoƙo, kullum da safe ta cire ɗaya, ta ce shekara shida ba wasa ba. Damina ta yi albarka. Mai gidana Haladu ya gama maimai a gonar fadama, gero ya wuce gwiwa, kowa ya ratsa sai ya tsaya ya yi masa barka.

Bayan haka, wannan rubutun hannuna ne. Ban kai wa malamin kasuwa ya rubuta min ba, domin maganar da ke ciki ba ta kunne uku ba ce. 'Yan baƙaƙen da na tsinto a ajin yaƙi da jahilci, waɗanda kika ce ba za su ƙara min gishiri a miya ba, yau sun yi min rana. Malam Sama'ilu, na san kai za ka karanta mata. Don Allah ka kore yara, ka sassauta murya, kuma kada ka tsallake layi ko da ka ga ta ɓata rai. Maikasuwa mai fataucin kanwa ya iso da saƙonki ranar Juma'a, Mairo, kin kuwa san bakinsa ba shi da ƙyaure. A ƙofar masallaci ya tsaya ya sanar cewa Mairo na tafe Layya, kuma ta ce ranar Sallah zanen da yayarta ta aika mata bara za ta ɗaura, wanda matan Bukuru suka neme irinsa suka rasa. Mutane suka yi ta taya ni murna. Ni kuwa da baki kawai nake amsawa, don na san abin da ke ƙasa.

Bari in fara da abin da na sani, tunda shekara ashirin ke nan ina yawo da ƙunshin zannuwa gida-gida. Ba kowane kyakkyawan zane ne ke yi wa kowa kyau ba. Ke gajera ce, mai jiki, wankan tarwaɗa. Atamfar nan da na aika miki kuwa zabbinta manya ne, kowace ta kai tafin hannu biyu. A jikin doguwar mace sai su jeru kamar suna kiwo. A jikinki zabuwa ɗaya za ta cinye ƙugu, ta biyu kuma a yanke mata kai a gindin zane. Ga ta da tauri, ba ta kwanciya, tsayawa take kamar sabuwar tabarma, sai ta ƙara miki faɗi. Mai irin jikinki abu mai laushi take so, mai siraran ratsi masu gangarowa ƙasa, ido ya bi su ya ga tsawo. Koren nan mai duhu kuma, ko dai farar mace ko baƙa wuluk. Wankan tarwaɗa dusashe ta yake yi. Duk wannan gaskiya ne, ko a gaban alƙali zan maimaita. Amma na duba abin da na rubuta, na ga dillanci nake miki, irin wanda nake wa matan kulle in ina so su saki wani zane su kama wani. Ke ba baƙuwa ba ce, lokaci kuma ya ƙure. Ga maganar tsirara.

Turmin nan a kantin wani Kwara, Balaraben Sham, na samo shi a Kano bara bayan Layya, yadi goma sha biyu, ya ce samfuri ne, guda ɗaya jirgi ya kawo. Na yanke shida na kai wa Goggo Adda, yayar mahaifin mai gari, wadda ta goye shi, ba ya kuma ƙetare maganarta. Ta murza shi a yatsa, ta shinshina, ta ɗaga shi a rana, ta tambaye ni ko akwai wata mai irinsa. Na ce mata daga nan har Daura, har bakin iyakar Faransa, babu, shi ke nan abin da aka saƙa. Ta ce to ta saya, kuma ba zanen kaɗai ta saya ba, har da maganata. Ta sa a adaka, ta ce sai Babbar Sallah, ranar da matan gari za su zo gaisuwa. Yadi huɗu na aika miki, domin da na gan shi ke na fara tunawa, kuma a zatona Bukuru bangon duniya ce. Ke ma na ce miki babu irinsa. Ki yafe min, bakin dillaliya ne, ya saba. Sauran yadi biyun ƙarshen turmi, masu ɗan tabon mai, na ba wata Bafillatana mai suna Shatu daga rugar wajen Gwiwa, ta ba ni man shanu. Na ce Fulani ne, yau suna nan gobe suna Damagaram. Kwaɗayi mabuɗin wahala, man shanun ma bai yi mako biyu ba.

Kina Bukuru lokacin da aka yi na Baraka mai kitso, bari in gaya miki. Shekara goma tana yi wa Goggo kitso. Ta ƙirƙiro mata wani salo, Goggo ta ce nata ne ita kaɗai. Sai Baraka ta yi wa 'yar yayarta irinsa ranar suna, a can bayan gari, wai wa zai gani. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata murya. Goggo ta kira ta, ta ba ta goro, ta ce ta gode. Kafin wata ya mutu an karɓe gonar mijinta da amfanin a tsaye, kowane gida ya rufe mata ƙofa, har mai tallan ƙuli ta daina tsayawa a zaurensu. Da jaki ɗaya suka bar garin, yanzu an ce suna Babura tana dakau. A kan kitso ke nan, abin da ake tsefewa bayan mako biyu. Ki tuna gonar fadamar da Haladu ke nomawa aron mai gari ce, ki tuna kuma Inna a ɗakina take, ba ta iya hawa jaki.

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune a rumfa ina warware wa wata mata saƙi, na ɗaga kai, sai ga zabbin Goggo Adda suna tafe a tsakiyar kasuwa da ƙwaryar nono a ka. Ashe damina ta sa su Shatu sun hayo da shanu kan duwatsun bayan garinmu don kada su shiga gonaki. Wallahi, Mairo, ban san lokacin da na tashi ba. Na cire mayafina na yafa mata tun daga kafaɗa, ina cewa sannu da zuwa 'yar'uwa, rana za ta ƙona ki, ita kuwa tana ta fizgewa tana tambaya ko aljanu ne suka hau ni. Na ja ta bayan rumfar masu tukwane na ce ta tuɓe. Ta ce uwata ta tuɓe. Na ce zanen akwai tabo, raina bai kwanta ba tun bara. Ta ce tabon nata ne, ta saba da shi. Bafillatana fa, da ta ga idona ta san akwai magana, sai ta gyara tsayuwa. Sai da na ba ta saƙi sabo fil, da tsakiyar da ke wuyana, da mayafin ma, sannan ta kwance. Na dawo gida kai ba lulluɓi kamar mahaukaciya, na cusa zabbin a murhu na tsaya a kansu har suka zama toka. Ni da ban taɓa yar da ko ƙyalle ba.

Kwana biyu bayan haka jakadiyar Goggo ta yi sallama, ta ce ana kirana. Na tarar da ita a kan buzu tana jan carbi. Na durƙusa na yi gaisuwa, ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta yi tsami. Can ta ce an gaya mata an ga wani kore-kore a jikin mai nono ranar kasuwa, kuma an ga dillaliya tana rabon mayafi. Na ce Allah ya ja zamaninta, wani yadin banza ne na 'yan koli mai zanen kaji, ido ne ya yi gizo, mayafin kuwa sadaka na yi. Ta ce madalla, sadaka maganin masifa. Ba ta ce in rantse ba. Da ta ce, ban san abin da zan yi ba. Sai ta sa hannu a ƙwarya ta miƙo min goro fari guda. Mairo, goro! Na karɓa da hannu biyu. Har na kai bakin ƙofa ta kira ni, ta ce ta ji ƙanwata na tafe, kuma ta ji na aika mata wani zane da ya gagari matan Bukuru. Ta ce in kawo ki ranar Sallah kafin kowa, ki zauna kusa da ita, tana so ta ga irin idon da nake da shi in na zaɓar wa jinina. Ko ta sani ne, ko lalube take, Allah kaɗai ya sani. Goron yana nan ƙarƙashin tulu, na kasa ci, na kasa yarwa. Haladu ban gaya masa komai ba, yana ta lissafin rumbun da zai ƙara bana.

To ga abin da nake roƙo. Ƙunshin da ke tare da takardar nan saƙi ne baƙi mai siraran ratsin fari, da ɗankwalinsa, da gyale mai ruwan ƙasa-ƙasa. Na bugar da shi ya yi laushi, yana ƙyalli. Wannan karon da ido na zaɓa, ba da baki ba, za ki ga yadda zai zauna miki. Ki wanke shi sau biyu, ki ɗaura ki je unguwa, ki bar shi ya sha hayaƙin turare, don kada ya nuna sabo ne. Hancin Goggo ya fi idonta. Shi ne zanen da na aika miki bara. Haka za ki ce da Goggo, haka za ki ce da Inna, haka za ki koya wa yara, musamman Uwa, da na ji an ce ta gado bakina. Maikasuwa bai taɓa ganin wancan ba, kuma bai iya karatu ba, shi ya sa na amince ya kawo miki wannan. Mai zabbin kuwa ki kai marina a tsoma shi a baba, a sake tsomawa, har sai ba a gane kai ba a gane fiffike. Kada ki ba kowa kyauta. Na ba Bafillatana na ga yadda zane ke da ƙafa.

Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Na san shi ne mafi kyan abin da ke cikin akwatinki, kuma da shi kika ɗaga kai a cikin matan bariki. Laifin nawa ne, ke ce za ki yi asara, ban da bakin musu. Amma rigakafi ya fi magani, kuma ba ni kaɗai ke cikin jirgin ba. Abu ɗaya ya rage. In an rine, ki yanko bakin zanen kamar faɗin tafin hannu, wurin da zabuwa take, ki ba Maikasuwa ya riga ku isowa da shi. In ban gan shi ba, daga biyar ga watan Layya ina tashar Kazaure kullum ina jiran motar Kano, kuma kafin in rungume ki sai na zazzage akwatinki a gaban 'yan kamasho. Kada ki ce ban yarda da ke ba. Nono ɗaya muka sha. Na san da ni ce, cewa zan yi na rina, in naɗe shi a ƙasan kaya, wai ko a ɗaki in ɗaura wa Inna ta gani.

Ki gaishe min da Malam Sama'ilu, da godiya bisa wahalar karatu, Allah ya ba shi ladan rufin asiri. Ki shafa min kan Uwa da Halliru da ɗan autan da ban taɓa gani ba. Inna tana gaishe ku, ta ce ki taho mata da dankalin Turawa. Haladu yana gaida mai gida, ɗan'uwanmu Lado da iyalinsa ma haka. In an gama karantawa a sa takardar nan a wuta.

Allah ya kawo ku lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Ni ce yayarki,
Tasalla matar Haladu.