Kaset a cikin rikodar kakanka

Angona,

Na fita ba ka dawo ba, kada ka neme ni. Da safe na kai tarkacen ɗakin ajiya rumfar bayan kasuwa, inda ake karɓar matattun kayan lantarki da sauran shara mai haɗari. Ashe ba sa farfasa abu sai sun duba cikinsa. Matar wurin ta ɓalle murfin rikodar kakanka, sai ga kaset! Ta saka mini a wata mai aiki. Wallahi muryarsa ce, yana rarrashinka kana jariri, kai kuwa sai tsala ihu kake. Shekara ashirin rabona da muryar nan, ni da na so jefa rikodar a bola! Na yi dariya har da hawaye.

Na wuce wurin mai gyara ya juye mana a waya kafin zaren ya tsinke.

Kwalin bakin ƙofa kuma, kai musu kafin azahar: batura ne, ragowar fenti da maganin sauro. Kada ka zuba komai a kwata.

Ka dawo da wuri, ka ji wanda ya riga ka samun fada a wurina.

Tsohuwar amaryarka,
Kaka