Abin da Takwararki Ta Ce a Bakin Ruwan Zafi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Gaisuwa ce daga 'yarki ta Guangzhou, irin wadda nake yi miki a durƙushe a ƙofar ɗakinki. Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan lafiya lau muke, da ni da Abban Ummi da yara. Na san masu bibiyar shafin nan nawa ne za su karanta wannan takarda, amma da ke nake magana, don akwai abin da ya faru makon jiya wanda ke ya kamata ki fara ji.

Wata bakwai ke nan da rasuwarki, kuma har zuwa makon jiya ban gaya wa takwararki Ummi ba.

Ranar da Yaya Sani ya kira, nan safiya ce, ina tsugune ina ɗaure wa Ummi igiyar takalmi za ta makaranta. Ya faɗa, na yi istirja'i a zuciyata, na ajiye wayar, na ƙarasa ɗaurin. Na kai ta na dawo. Fasfona yana ofishin da ake sabunta takardar zama, kuma ko da yana hannuna, kafin in isa filin jirgin Baiyun an riga an kai ki. Maza suka yi wa Abban Ummi gaisuwa a shagonsa na wajen Liuhua. Matan 'yan Kano da na Maradi kuwa na roƙe su su riƙa zuwa da hantsi, lokacin da yara ba sa gida. Haka aka yi zaman makokinki a nan, kafin azahar an kwashe tabarmi.

Kin san al'adarku ke da Ummi. Duk Juma'a in mun dawo daga masallacin Huaisheng, a Kano gari bai daɗe da wayewa ba, sai ta karɓe wayata ta kira ki. Ki fito a hoto da kofin koko a hannu kina cewa, "Takwara, yau kuma me Sinawa suka ba ki kika ci?" Juma'ar farko na ce mata wayarki ta lalace. Ta biyu na ce babu sabis a unguwarku. Daga nan maganar rashin sabis ta zauna a bakina, duk mako sai ta tambaya, duk mako sai in faɗa. Abban Ummi ya ce shekara shida ta isa a gaya wa yarinya gaskiya. Na ce a bari sai bayan Sallah. Ƙaramar Sallah ta wuce, babba ma ta wuce.

A farkon watan nan ake hutun mako guda a ƙasar nan, harkar kasuwa ta lafa. Da ma malamar su Ummi ta taɓa nuna musu hoton wani wuri a lardin Yunnan, kusa da garin Tengchong, inda ruwa ke tafasa a cikin ƙasa har ya riƙa tsartuwa sama. Tun ranar ba ta bar mu mun huta ba. Sai Abbanta ya ce to, a je a gani. Muka hau jirgi mu huɗu, da Halifa, ƙaninta ɗan shekara uku, wanda bai taɓa ganinki ba sai a waya.

Wurin gandun daji ne na gwamnati, kamar dai Yankari, sai dai ruwansa ba irin na Wikki ba ne da yara ke iyo a ciki. Kwari ne tsakanin duwatsu masu itatuwa, tururi na fita daga ƙasa ta ko'ina, har ta gefen hanyar da ake takawa. Iskar wurin warin farar wuta take yi, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Muna shiga Halifa ya toshe hanci ya tambayi Abbansa da ƙarfi wa ya yi tusa. Allah ya taimake mu babu mai jin Hausa a wurin.

Mutane sun cika maƙil saboda hutu. An yi hanyar katako da shinge, an kafa alluna na gargaɗi. Halifa ya yi ta ƙoƙarin zura hannu ta ƙasan shingen, har Abbansa ya gaji ya ɗora shi a wuya. Ni kuma na riƙe hannun Ummi gam, ta ce ina ji mata ciwo, ban saki ba. Sau uku wasu suka nemi ɗaukar hoto da ita saboda kitsonta. Ita ce ta ba su amsa da yarensu, don ta fi ni jin sa nesa ba kusa ba. Ban san me ta ce ba, na dai ga sun yi dariya sun ba ta haƙuri.

Mun fara tsayawa a wani tafki zagayayye da suke kira babbar tukunya. Ruwan yana ɓararraka, ba itace ba gawayi. Na tuna tukunyar da kika riƙa ɗorawa da asuba lokacin da na zo gida haihuwar Ummi, ki tsoma ganyen darbejiya ki fyaɗa min, ina ihu kina cewa, "Daure mana, mu ma haka aka yi mana." Haihuwar Halifa a Guangzhou na yi, da famfon banɗaki na yi wankan jegona.

Daga can muka gangara inda ruwan ke tsartuwa. Wasu duwatsu ne masu kama da kwaɗi sun buɗe baki, ruwan yakan yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya feso. Muka samu gefe muka tsaya jira.

Kusa da mu akwai wata matashiya 'yar ƙasar. Ta ɗaga wayarta tana nuna wa wata tsohuwa wurin, tsohuwar mai furfura tana cikin wayar tana ta magana da ƙarfi, ga alama uwarta ce ko kakarta. Ummi ta daɗe tana kallonsu.

Ta ce, "Mami, ba ni waya in nuna wa Kaka."

Na ce, "Babu sabis." Ko tunani ban yi ba, bakina ne kawai ya faɗa.

Ta dubi matar, ta dube ni. Ta ce, "Ai wannan tana da shi."

Abban Ummi ya ji. Bai kalle ni ba, ya ce wa Halifa, "Zo mu je mu sayo ƙwai," suka hau matakala suka bar mu.

Akwai benci a bayanmu, na zaunar da ita. Na sha shirya maganar nan a raina, da misalai da lallashi, amma da lokacin ya zo babu wanda na tuna. Na ce, "Ummi, Kaka ta rasu. Allah ya karɓi abarsa tun kafin azumi."

Ban rufe baki ba ruwan ya feso. Mutane suka yi sowa, kowa ya ɗaga waya. Ta juya ta kalla, ni ma na kalla. Gaskiya bai kai tsayin na hoton malamarsu ba, amma yana da ƙara, kuma tururin ya lulluɓe mu har gyalena ya jiƙe. Ta zuba masa ido har ya lafa, sannan ta juyo.

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "A masallaci. Wani Alhaji ya kama hannun Abba ya ce Allah ya jiƙan surukarka. Da aka kwana biyu na tambayi Abba mece ce suruka, ya ce uwar matar mutum."

Daga baya Abbanta ya tuna an yi haka. Yana duba takardun kayan da za a tura Kano ta tambaye shi, ya ba ta amsa bai kawo komai a ransa ba.

Na ce, "To me ya sa duk Juma'a kike cewa in kira miki ita?"

Ta ce, "Ina so in ga ko yau za ki faɗa."

Inna, wata bakwai ina ganin ni nake ɓoye wa yarinya, ashe ita ma tana ɗauke da abin ita kaɗai, tana cin abinci tana zuwa makaranta, ba ta da wanda za ta yi maganar da shi, don uwarta ta ce babu sabis. Na jawo ta jikina. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Muka zauna har ruwan ya sake fesowa sau biyu.

Su Abbanta suka dawo da ƙwai guda biyar a jere cikin ɗaurin ciyawa, irin wanda ake dafawa a tururin wurin. Ya dube ni, na gyaɗa kai, ya zauna. Ummi ta ɓare ɗaya ta hura ta ba Halifa, ta ce masa, "Kaka ta tafi wurin Allah." Ya tambaya ko a jirgi. Ta ce a'a. Ya ci ƙwansa. Muka ƙarasa zagaye wurin kamar sauran jama'a, muka yi la'asar a wani ɗan masallaci a cikin gari, don lardin akwai Musulmi, washegari muka dawo Guangzhou.

Kukan sai ranar Juma'a ya zo mata, muna dawowa daga masallaci a cikin tasi. Ta yi shi sosai, har direban ya miƙo mana takardar share hawaye. Na bar ta ta yi.

Tun daga ranar kullum da tambayar da za ta yi a kanki. Wace miya kika fi so, ko kin yi makaranta, ko kina dukana ina ƙarama. Na gaya mata kuka da man shanu, na gaya mata allo kika yi, na gaya mata sau ɗaya kika taɓa marina kuma ni na jawo. Tana sauraro kamar za a yi mata jarrabawa.

Jiya ina yi mata kitso ta tambaye ni shekarunki nawa lokacin da taki mahaifiyar ta rasu, kuma wa ya gaya miki. Na tsaya da matsefi a hannu. Na san kina ƙarama aka yi rashin, iyakar abin da na sani ke nan. Shekara talatin da biyu muna tare a duniya, Inna, ban taɓa zama na tambaye ki ba. Na ce mata ban sani ba. Wannan karon dai gaskiya na faɗa mata.

Ki yafe min, Innata. Ki yafe min rashin zuwa, ki yafe min abin da na yi wa takwararki, ba haka kika rene ni ba. Ina kewarki fiye da yadda na iya faɗa a gaban mutane.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi. Allah ya jiƙan taki mahaifiyar da ban sani ba, ya haɗa ku a Aljanna. Ya raya mana Ummi da Halifa a kan imani, ya ba ni ƙarfin halin gaya musu gaskiya a kan kari. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau. Amin.

Autarki,
Rabi